Taku Tara Zuwa Gabas

Daren jiya Nazifi ya ɗauke unguwarmu
ya matsar da ita taku tara zuwa gabas.
Bai nemi diga ba, bai kira leburori ba,
ɗan yatsa kawai, da kwamfutar aro.
Da safe na buɗe taswira:
ga shagon Baba Ɗanliti tela a tsakiyar kwata,
famfon layinmu ya shige zauren Uwani,
wurin alwalar masallaci ya hau titi
kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya Tasalla, hoto na bi.
Sabo ne fil, daga sama aka ɗauko.
Wa zai yi musu da tauraron ɗan'adam?"

Ni zan yi.
Ni da na taka lungun nan sau goma sha ɗaya
da waya a tafin hannu, ina bin bango,
tun daga bakin Jakara har gindin Dala,
yara na bina, suna tambaya ko kuɗi na yar.
Sawu goma sha ɗaya, babu biyun da suka hau juna.
Na safe ya yi hagu, na la'asar ya yi dama,
ɗaya ma tsalle ya yi ya faɗa gidan mutane
inda rufin kwano ya ruɗa wayar.
Amma tara su wuri guda, ka dubi tsakiyarsu,
lungun ne ke kwance a wurin.

Tauraron bai yi ƙarya ba, Nazifi.
Matafiyi ne mai gaggawa,
ya leƙo ta gefe, bai tsaya sallama ba.
Dubi benen Alhaji Barau yadda ya kishingiɗa,
kansa nan, ƙafarsa can.
Ka zana shi ta rufi, ka ba shi filin maƙwabci,
ka tono rigimar da mai unguwa ya sha wuyar binnewa.

Bayan isha'i ya zo. An ɗauke wuta,
batir saura talatin da ɗaya.
Muka nemi abin da ba ya motsi:
murfin rijiyar Ladidi, na siminti,
wanda na tsaya a kansa kwana uku a jere
har waya ta daina canza magana.
Na ce, kama hoton, ba gidajen ba.
In hula ta karkace, ba wuya ake murɗewa ba.
Ya ja a hankali, ya ja,
rijiyar sama ta zo ta zauna kan rijiyar ƙasa.

Ya ce, "Shi ke nan, duk Kano tara ne."
A'a. Nan ne tara.
A Gwammaja huɗu na samu, kuma arewa,
a Fagge kusan babu.
Kowace unguwa da irin gociyarta.
Rubuta ta nan, da kwanan wata,
don wanda zai zo bayanmu da ɗan yatsa mai zafi.

Gida sittin da uku muka mayar mazauninsu.
Ana cikin haka na ga tsakar gidanmu daga sama,
ga darbejiyar da Inna ta dasa, kore shar, da inuwarta.
Shekara biyu ke nan da sare ta,
wata bakwai bayan mun rasa Inna.
Sabo fil, in ji Nazifi.
Ban gyara masa wannan ba.
Na bar hoton a buɗe har batir ya mutu.

Yau na wuce Baba Ɗanliti yana taka keke,
allura a baki, yana yi wa wando ƙari.
Bai san ya kwana a kwata ba.
Na gaishe shi, na ƙirga taku daga ƙofarsa zuwa famfo:
ashirin da biyu.
Taswira ta ce da uku.
Gobe zan sake ƙirgawa.